Kircin gwaji yana warkewa da kansa, me ya hana na garke warkewa?

"Assalamu alaikum Likita. Ina zaune a wani ƙauye a ƙasar Birnin Kudu, jihar Jigawa. Ina da shanun huɗa biyu da saniya ɗaya, da 'yan awaki da kaji. Damina uku ke nan a jere kirci yana kama sa ɗaya daga cikinsu, daga tozo har gadon baya, bana ma ya sauko har maraina. Duk shekara sai mun yi masa allura, ya yi sauƙi da kaka, ruwa na sauka ya dawo. Ɗan wana da ke karatun kiwon lafiyar dabbobi ya ce mini masu bincike sukan shafa wa dabba ƙwayar cutar da gangan, kuma cikin kamar sati uku ta warke ba tare da magani ba. To me ya sa nawa ya ƙi? Sannan kajina suna tsattsagar ɓawon da ke faɗuwa, yanzu ga wasunsu da ƙuraje a zanko. Kircin ne suka ɗauka?"

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ba shi lafiya, ya sa albarka a dukiya. Ɗan wanka gaskiya ya faɗa maka, kuma a cikin wannan magana tasa amsar tambayarka take. Abin da kake son sani shi ne, tun da ƙwayar cutar ɗaya ce, me ya sa a hannun masu bincike take yin ɗan tabo ta wuce, amma a jikin sanka ta yi zaman dirshan. Wannan tambaya ta daɗe tana damun likitocin dabbobi, kuma gwaje-gwajen da aka yi don amsa ta su ne suka koya mana inda ya kamata makiyayi ya sa kuɗinsa da ƙarfinsa.

Ƙwayar da ke kawo kirci bakteriya ce mai suna Dermatophilus congolensis. Wani likitan dabbobi ɗan Beljiyam, Van Saceghem, shi ya fara bayyana ta a 1915 a ƙasar Kwango, shi ya sa sunan ƙasar ya maƙale mata. Tana da kama biyu. A cikin fata tana miƙewa kamar saiwa, tana yin rassa. Daga baya saiwar ta rarrabu gida-gida, kowane gida ya zama ɗan iri. Muddin ɓawon kirci a bushe yake, irin nan yana kwance shiru, yana iya yin watanni a haka bai mutu ba. Da zarar ruwa ya jiƙa ɓawon sai ya farka, ya fito yana iyo a cikin danshin da ke kan fata, yana bin iskar da fata ke fitarwa har ya sami kafa. Idan ya shiga, jiki yakan turo fararen ƙwayoyin jini su taru a ƙarƙashinsa, sabuwar fata ta tsiro daga ƙasa ta ture tsohuwar. Sai ƙwayar ta sake kutsowa sabuwar fatar ta gefe ko ta ramin gashi, jiki ya sake turewa. Wannan kai-komo shi ke gina ɓawon nan mai kauri hawa-hawa, wanda in ka ɓamɓare shi za ka ga gashi ya cure a jikinsa kamar burushin fenti, ƙasansa kuma ja ne mai danshi.

Yadda ake yin gwajin

Mai bincike yakan fara da samo ƙwayar tsantsa. Hanyar da aka fi bi ita ce a farfasa ɓawo a cikin ruwa mai tsabta a bar shi kamar awa uku da rabi, sannan a sa kwalbar cikin tulun gilashi da aka kunna kyandir a ciki aka rufe, na minti 15. Iskar da kyandir ya bari takan jawo irin ya taso saman ruwa, sai a ɗebo daga nan a shuka a faranti mai abincin da aka haɗa da jini, a ajiye a zafin digiri 37. Cikin kwana biyu zuwa uku za a ga ɗigo-ɗigo masu launin toka zuwa rawaya, sun kama farantin gam.

Sai a koma kan dabba: ɗan maraƙi, tunkiya, akuya, ko zomo, wanda shi aka fi amfani da shi saboda sauƙin riƙo. A aske gashi a wani ɗan fili da bai wuce tafin hannu ba. To a nan ne abin lura na farko yake. Idan aka shafa ƙwayar a kan lafiyayyar fata busasshiya, yawanci ba abin da ke faruwa. Dole sai an yi ɗayan uku, ko duka: a goge maiƙon fata da sinadari mai narkar da mai, a kankare saman fatar kaɗan ba tare da an fitar da jini ba, ko a jiƙa wurin na tsawon lokaci. A gefe kuma akan bar wani fili da aka aske aka kankare amma ba a sa masa ƙwayar ba, don a tabbatar abin da ya fito aikin ƙwayar ne, ba na aska ba. Wurin da aka shafa yakan yi ja cikin kwana ɗaya zuwa biyu, ɓawo ya bayyana kafin sati, ya yi kauri a sati na biyu, sannan ya bushe ya faɗi a sati na uku ko na huɗu, gashi ya tsiro. Ba ya bazuwa ya rufe baya. In aka tsira ƙwayar ƙarƙashin fata, ƙurji take yi a wurin, ba kirci ba. Ita mazauniyar saman fata ce.

Wannan aiki ne na ɗakin bincike, da izini da safar hannu da wurin killace dabba. Ba abin gwadawa a gida ba ne, domin ƙwayar tana kama mutum ma, ta fitar masa da ƙuraje masu ruwa a hannu.

Abin da gwajin ya nuna ke nan: fatar dabba tana da katanga uku, gashi da maiƙo da busasshen saman fata, kuma ko an fasa su, garkuwar jiki tana korar cutar cikin 'yan makonni. A garkenka kuwa ba sau ɗaya ake fasa katangar ba. Ruwan marka na watan Agusta yana wanke maiƙo ya tausasa fata kwana da kwanaki. Ƙaya da sarƙaƙiya suna karta, ƙuda da bobuwa suna cizo suna kuma ɗauko iri daga wata dabbar, carki yana tonon miki, karkiya tana gurzar wuya gaban tozo kullum safiya. Mai bincike sau ɗaya ya shuka, kai kuma kowane ruwan sama sabuwar shuka ce. Shi ya sa kirci ke bin inda ruwa ke kwanciya da inda yake gangarowa: tozo, gadon baya, kwatangwalo.

Amma ruwa kaɗai bai isa ya bayyana kircin da ke cin sa shekara uku ba.

Inda kaska ta shigo

Akwai wata kaska da duk makiyayi ya sani ko da bai san sunanta na boko ba, Amblyomma variegatum. Ita ce mai dogon baki, wadda namijinta ke da ado a baya, baƙi da ruwan lemo, ƙafafu kuma zobe-zobe. Manyanta suna fitowa da faɗuwar damina, su kama hantsa, maraina, matsematsi, hammata, fatar ƙarƙashin wuya da gindin wutsiya. Maza ke fara kamawa, su saki wari da ke kiran mata.

Da farko an ɗauka ramin cizonta ne kawai ƙofar shigar cuta. Sai aka lura kircin yana tsananta a gadon baya, inda kaskar ba ta zama. A farkon shekarun 1990 masu bincike a birnin Edinburgh na ƙasar Birtaniya suka yi gwajin da ya warware wannan: suka shafa wa tumaki ƙwayar kirci a wuri ɗaya, suka ɗora musu manyan kaskar a wani wurin daban mai nisa. Tumakin da ba su da kaska suka warke kamar yadda aka saba. Waɗanda kaska ke shan jininsu kuwa, kircinsu ya ƙi warkewa, ya daɗe. Ma'ana, yawun da babbar kaskar ke zubawa cikin jini yana kwantar da garkuwar jiki gaba ɗaya, har fata ta kasa ture cutar. Aikin da aka yi a garkunan Ghana ya zo daidai da haka, shanun da aka tsare daga kaska ba su yi mugun kirci ba, 'yan uwansu da aka bari suka yi. A tsibiran Karebiyan ma, kirci bai zama annoba ba sai a tsibiran da wannan kaska ta shiga.

Ka ce bana ya sauko har maraina. Ka sa a kayar da san a duba wurin da kyau. Zai yi wuya ba a sami kaskar nan a maƙale ba, wataƙila ma a ƙarƙashin ɓawon.

Saura tambayar da ba ka yi ba amma tana cikin maganarka: me ya sa sa ɗaya ne, alhali tare suke kiwo, tare suke jan garma? Gado ne. Shanun Muturu da Ndama suna da juriya sosai, shanun Turai masu madara su suka fi rauni, namu Bunaji da Rahaji da Gudali suna tsakiya, kuma a cikinsu ma jini ya bambanta. A tsibirin Martinik, ɗaya daga tsibiran Karebiyan, an gano wata alamar gado da ke tare da saurin kamuwa, aka fitar da masu ita daga garke, cutar ta ragu ƙwarai cikin 'yan shekaru. Sa da ya yi kirci damina uku a jere yana gaya maka irin jininsa ne. Sannan sauƙin da kake gani da kaka sau da yawa ba warkewa ba ce. Ɗan ɓawo yakan rage a cikin kunne, ko hammata, ko bayan kofato, ya yi rani a ɓoye, ya zama irin baɗi.

Maganar kaji

Ka kwantar da hankalinka. Kirci ciwon shanu ne da tumaki da awaki da dawaki da jakuna da raƙuma, ba ma ganinsa a kajin gida, kuma cin ɓawo ba hanyar kamuwa ba ce. Ƙuraje masu ɓawo a zanko da fatar ido da gefen baki a tsakiyar damina, mafi yawa ƙurajen kaji ne da bairos ke kawowa, sauro ke yaɗa shi. Lokacinsu ne ya zo ɗaya da na kirci. Ba allurar da ke kashe wannan bairos. A ware masu shi, a shafa aidin a kan ƙurajen, a buɗe baki a duba. In akwai abu fari-rawaya kamar cuku ya lulluɓe maƙogwaro, wannan nau'in ya fi haɗari don yana toshe numfashi. Rigakafinsa akwai, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom tana yin sa. A fatar fiffike ake tsirawa da allura mai baki biyu, bayan kwana 7 zuwa 10 a duba, in an ga ɗan kumburi a wurin to ya kama. In kuwa abin da ke zankon fari ne kamar an barbaɗa gari, wannan makero ne na kaji, ƙwayar cuta dangin fumfuna ke kawo shi.

Kaji suna da nasu ciwon fata na bakteriya, kuma darasin gwajinsu ɗaya ne da na shanu. Ƙwayar Staphylococcus aureus tana zaune a fatar kaza lafiya lau, sai tafin ƙafa ya tsage a kan ƙusa ko dandaɓe mai danshi sannan ta shiga ta yi kumburin nan mai tauri. Ƙwayar Escherichia coli, in masu bincike suna son ta yi ciwo a ƙarƙashin fatar kajin nama, sai sun karce fatar ko sun tsira ta ciki. Ruɓewar fata mai kashe kajin gona kuma ta fi bin garken da Gumboro, wani ciwon kaji na bairos, ya riga ya karya wa garkuwa. Abin da kaska ke yi wa sa, shi Gumboro ke yi wa kaza. Kajinka ma taimakonka suke yi in suna tsince kaska a turke, sai dai ka kulle su ranar feshi.

Abin da za a yi wa san

Ban ga dabbar ba, kuma ƙazuwa da makero da ciwon nan mai ƙulli-ƙulli a fata duk suna iya rikita ido, wani lokaci ma su haɗu da kirci a jiki ɗaya. Ƙazuwa tana sa susa mai tsanani, kirci ba ya cika sa susa. Tabbaci yana da sauƙi: a ɓamɓaro sabon ɓawo mai danshi a ƙasa, a sa a ambulan ɗin takarda, ba leda ba don kada ya yi fumfuna, a kai asibitin dabbobi. Za su jiƙa shi, su shafa a gilashi, su rina, su duba a madubin likita. Ƙwayar tana fitowa jere-jere layi biyu ko fiye kamar titin jirgin ƙasa, ba ta ɓuya.

Allurar da aka fi dogara da ita ita ce oksitetirasaikilin mai dogon aiki, wadda masu kemis ke kira LA. Masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun nuna amfaninta a kan kirci tun 1979. Ma'auninta miligiram 20 ga kowane kilo, wato in kwalbar mai kashi 20 cikin ɗari ce, mil 1 ga kowane kilo 10. A nan ne aka fi yin kuskure. Sa mai kilo 300 mil 30 yake buƙata, amma sau da yawa mil 10 ake yi masa a ce an yi allura. Wannan ba ya kashe cutar, sai dai ya koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Kuma akwai kwalabe masu kashi 5 ko 10 cikin ɗari, waɗanda ba masu dogon aiki ba ne, a karanta jikin kwalba. In ba sikeli, a auna da tef ɗin tela: a zagaya ƙirji bayan ƙafafun gaba, a auna tsawo daga kan kafaɗa zuwa ƙashin gindin wutsiya, duka da santimita. A ninka zagayen ƙirji da kansa, a ninka da tsawon, a raba da 10,840. Ƙirji 155 da tsawo 135 zai ba da kusan kilo 300. A raba maganin wuri uku, mil 10 kowane wuri, can cikin tsoka, domin yana ƙuna yana kumbura. In ciwon ya yi yawa a maimaita bayan kwana uku. Haɗin fenisilin da sitireftomaisin ma yana aiki, amma kullum ake yin sa har kwana biyar, kuma tsallake rana yana ɓata shi. Ma'aikacin lafiyar dabbobi ya kamata ya yi allurar. A kiyaye kwanakin da aka rubuta a kwalba kafin yanka ko shan nono, na nama yakan kai kusan wata guda.

Allura ba tare da an taɓa kaska da ruwa ba, ɗinkin ɓaraka ne a kan tsumma. Don haka a rana ɗaya a fara yaƙin kaska. Amitiraz mai kashi 12.5 cikin ɗari ana haɗa mil 2 a lita ɗaya ta ruwa, wato mil 40 a jarka mai lita 20. Babban sa yana cin lita huɗu zuwa biyar in ana so ya jiƙu, kuma daga ƙasa ake feshi zuwa sama, a sami hantsa da maraina da hammata da gindin wutsiya. Watsawa a gadon baya kawai asarar magani ce. A haɗa sabo kowane lokaci, a maimaita duk sati a watannin farko na damina. Kada a kuskura a fesa wa doki ko jaki amitiraz, yana tsayar musu da hanji har ya kashe. Wanda ya fi son na zubawa a baya, akwai fulumetirin mai kashi 1 cikin ɗari, mil 1 ga kilo 10. Duk ukun za a yi wa, har da awaki in an ga kaska a jikinsu.

Akwai wata dabara mai arha da ta fito daga binciken da aka yi a Burkina Faso. An gano babbar kaskar tana fara kama tsakanin kofato ne a wurin kiwo, sai dabba ta kwanta da dare sannan ta hau zuwa hantsa da maraina. Saboda haka wanke ƙafafu da ruwan maganin kaska da yamma, da dawowa daga kiwo, yana tare ta tun a ƙofa. Mai shanu uku zai iya yin wannan da ɗan kwano ko abin feshi. Cire kaska da hannu kowace safiya, yadda Fulani suka saba, shi ma aiki ne mai kyau in an yi shi tun ba ta nutsa baki ba. A kama ta dab da fata a ja a hankali, in aka fizge bakin yakan karye a ciki ya zama ƙurji. A jefa su cikin kalanzir ko wuta.

Sai rumfa. Ko ta kara da leda ce, in dai za ta hana ruwan dare sauka a bayansa, ta yi rabin aikin magani. A ɗaga turken da ƙasa ko yashi don kada ya kwana cikin taɓo. A ware shi daga sauran, a daina haɗa musu igiya da buhun shimfiɗar karkiya. In huɗa ta ƙare a hutar da shi, in dole ne sai ya yi aiki a naɗe karkiyar da tsumma mai laushi busasshe, a riƙa wankewa ana shanyawa a rana.

Ɓawon kuma kada a kankare shi da ƙarfi a busasshe, ciwo ne ga dabba, kuma sabuwar ƙofa ce. Bayan kwana kaɗan da allura zai fara saki da kansa. A ranar da ake rana, a jiƙa shi da ruwan ɗumi da aka sa wa aidin ko kulohekzidin, a cire wanda ya saki da safar hannu, a bar wurin ya bushe sarai. A tattara ɓawon a ƙone, kada a bar shi a turke, domin shi ne rumbun irin. Baƙin mai na inji da fiya-fiya da maganin feshin gona, ina roƙonka ka nisanta su da jikin dabba. Baƙin mai yana rufe danshi a ciki yana ƙona fata, sauran kuma guba ne da ke ratsa miki su shiga jini. Rigakafin allura na kirci kuwa, an daɗe ana gwadawa amma babu wanda ya yi ƙarkon da za a dogara da shi, kada wani ya sayar maka da shi.

Lokacin da ya fi dacewa a ci ƙarfin kirci shi ne rani da bazara, sa'ad da ya ja da baya. A watan Afrilu ko Mayu ka bi jikin san da tafin hannu, ba da ido ba, har cikin kunne da hammata da bayan kofato. In ka ji ƙurji-ƙurji ƙarƙashin gashi a yi magani a lokacin, a fara feshi da ruwan farko. In duk an yi wannan kuma ya sake dawowa da ƙarfi, ko ya riga ya rufe fiye da rabin jiki yana ramar da shi, shawarata ka kiwata shi da kaka ka sayar wa mahauta bayan kwanakin magani sun cika. Namansa yana ciyuwa, ƙirginsa ne majema ba za su saya da daraja ba. Wanda za ka saya a madadinsa, ko a Wudil ko a Maigatari, ka shafa bayansa da saɓanin kwanciyar gashi kafin ka yi tayi, ka leƙa matsematsinsa, sannan ka ɗaure shi daban na sati biyu zuwa uku, ka yi masa feshin kaska kafin ya shiga cikin sauran.